Ɗigon Ruwan Makuba a Naman Inna

Ni marini ne, tun ina saurayi hannuna ke cikin ruwan baba, amma ranar da likita ta nuna mini rini a naman mahaifiyata, sai na koma kamar ban taɓa ganin launi ba.

Ciwon daji ne ya kama Inna a nono. Aka yanki ɗan nama aka aika wani babban asibiti, muka koma Bungudu jiran sakamako. Cikin makonnin nan ta daina cin abinci. Cewa ta yi jikinta ya riga ya miƙa wuya, to wa za ta ci wa? Ƙanwata ta taso daga Tsafe, ta yi lallashi, ta yi kuka, a banza. Likita kuwa ta riga ta gaya mana, in ƙarfinta bai dawo ba, ba za a iya fara magani ba.

Da sakamako ya fito, ni kaɗai na tafi asibiti a Gusau. Likitar ta juyo mini kwamfuta, ga hoton naman Inna a kai. Shuɗi ne shimfiɗe, da ɗige-ɗige ruwan makuba nan da can.

"Malam, jiki yana da sojojinsa masu kashe ƙwayoyin daji," in ji ta. "Ana zuba wa naman wani sinadari da ba ya kama kowa sai sojan da ya farka ya shiga yaƙi. Duk wanda ya kama, sai ya ɗauki wannan launin."

Wannan na gane, don ko a karofi, wurin rininmu, ba kowane zare ke shan baba ba. Har na fara murna. Sai ta ce farkawa daban, cin nasara daban. Wasu sun daɗe suna faɗa har sun gaji, kuma su ma launin yana kama su. Na ce to na Inna gajiyayyu ne ko masu ƙarfi? Ta ce wannan gwajin bai isa ya faɗa ba. Na ce suna da yawa? Ta ce ba yawa, amma ba babu ba. Wallahi haushi ya kama ni. Ni in na rina zane, ko ya kama ko bai kama ba, shi ke nan.

A mota har Bungudu ina juya maganar, na kasa sanin albishir na ɗauko ko ta'aziyya.

Na iske Inna kwance, fuskarta ga bango. Ba ta juyo ba ta ce, "Mi tac ce?"

Na ce, "Ta ce sojojin jikinki sun farka, suna faɗa. Na gan su da idona." Zancen gajiya kuwa na haɗiye shi.

Ta ce, "Su nawa?"

"Kaɗan ne, Inna."

"Kaɗan, kuma na bar su da yunwa?"

Ta dafa bango ta tashi zaune, ta ce wa ƙanwata ta dama mata kunu. Na fita na tsuguna gindin rumbu ina hawaye, kuma har yau ban san ko gaskiya na faɗa mata ba.