Mutumin da Ke Bayan Hasana

In ana zancen masu fitar da kaya waje a Sakkwato, sai a yi ta ambaton 'yan albasa da 'yan fata, a manta da Malama Dijatu ta Runjin Sambo. Ita kuwa hajarta ba ta taɓa kwana a bodar Illela ba, kwastan bai taɓa kwance mata buhu ba. Wayarta take jinginawa da gwangwanin madara, ta gyara hijabi, sai ga 'ya'yan Hausawan Landan da Toronto suna biya mata hadda, iyayensu su turo ladan koyarwa. Muryarta ta zaga duniya, alhali ita ko Gawon Nama, nan cikin gari, za ta je sai ta yi shawara da gwiwoyinta.

Ɗanta na fari, Junaidu, ma'aikacin jinya a Ingila, shi ya ɗora ta kan wannan hanya da ta yi ritaya daga makarantar firamare. Ya aiko da wayar, ya nemo ɗalibai, ya sa 'yarsa Hasana a layi, duk Asabar bayan la'asar.

Ba don Hasana kaɗai ya yi ba. Dijatu irin mutanen da ce masu kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta hira da shi, in ya bugo waya ta amsa gaisuwa ta miƙa wa ƙannensa. To, da an fara karatu sai ya jawo kujera bayan yarinyar, wai ninkin wanki yake. Wankin nan, Allah ya sa masa albarka, bai taɓa ƙarewa ba. Ita ma bakinta na kan gyaran ƙira'a, wutsiyar idonta na kan mai ninki.

Da wannan wutsiyar ido ta ga hularsa ta fara yi masa yawa, wuyan riga ya saki. Tambaya ta zo mata har maƙogwaro, amma ta bi da ita ta kan jika.

"Ƙawata, wanga mutum na bayanki, ba ku ba shi abinci?"

Junaidu ya aje rigar da ke hannunsa, ya matso har fuskarsa ta cika wayar.

"Inna, ni kike tambaya?"

Ta sunkuyar da kai. "Hasana, maimaita ayar."

Ya ɗan jira. Sannan ya koma ya ɗauki rigar.

Asabar ta gaba kujerar ba kowa. Matarsa ta ce yana asibiti, wannan karon a kan gado. Ya daɗe da ciwon, shi da kansa ya hana a faɗa wa Dijatu. Dijatu ta ce za ta kira shi da kanta. Ta ɗauki wayar ta aje, ta ce a bari ya ɗan ji sauƙi, kada ganin kiranta ya tsorata shi. Tana cikin wannan jira aka bugo. A can aka binne shi.

Karatu bai tsaya ba. Har yau yaran Toronto na shan faɗa kan maddi, Hasana ma tana zuwa ranar Asabar. Sai dai kafin a yi bisimilla malamar takan ce, "Matsa gefe kaɗan, ƙawata, kin tare mini haske."

Yarinyar takan matsa. Babu taga a wurin, kujera ce kawai.