Hoton da Ba Mu Ɗauka Ba

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar kawuna, Malam Umaru, malamin zane a wata sakandare a Shagari. Na so in rubuto yabo kawai in sa hannu, amma kunya ta riga ni zuwa.

Makarantar ba ta da fenti, ba ta da takardar kirki. Sai Kawu ya sayo tsohuwar kyamara guda ɗaya, muna karɓa-karɓa da ita, ni ma ina cikin ɗalibansa. Ranar kasuwa ya tura mu mu nemo layi a jikin abubuwa, mu dawo da hoton igiyar raƙumi ko kunyoyin gona. Wani mako ya ce darasin maimaici ne, mu tafi fadamun Danchadi mu ɗauko buhunan albasa a jere. A jikin katangun Sifawa muka koyi haske da inuwa. In ka cusa tarkace a hoto, sai ya karkata hula ya ce, "Mi kag gani nan? Kasuwa duka kaɗ ɗauko!" Ya kan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Yau da wannan ilimi nake cin abinci, ina ɗaukar hotunan biki da suna a Bodinga. Da Kawu zai leƙo, da ya sha dariyar zamanin nan, kowa da waya a hannu, kuma kowa fuskarsa yake ɗauka. Da dariyar ta tsaya in ya ji abin da ya same mu.

Watan jiya autarsa Rabi, wadda tana goye ya rasu, ta shigo shagona. Ta ce, "Yaya, ina son hoton Baba inda shika dariya. Inna ta ce shina da wushirya." Abin da ke hannunta ɗan hoton katin aiki ne, hatimi ya cinye rabin fuskar. Na ce ta dawo jibi, har da cika baki.

Na kira tsofaffin abokan ajinmu kaf. Muna da albasa, muna da raƙuma, muna da ƙofofin Sifawa ta kowace kusurwa, amma babu Malam. Wanzami ba ya son jarfa, gaskiya ne, kullum yana bayanmu yana gyara mana gwiwar hannu. Mu kuma a tarbiyyarmu ɗalibi ba ya ɗaga kyamara ya auna malaminsa. Muka kira abin ladabi, ga shi ya bar marainiya ba ta san fuskar ubanta ba. Wallahi na ji kunya, har yanzu ina ji.

A ƙarshe wata abokiyar ajinmu ta turo wani hoto da Malam ya taɓa ba ta sifili a kansa, saboda inuwar mutum ta faɗo cikin kwandunan da take ɗauka. Inuwarsa ce, da hula a karkace, da hannu a miƙe yana nuna mata wani abu. Na wanke shi babba na ba Rabi, na kasa haɗa ido da ita.

Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Yaya, hasken ta hagu yaf fito ko?" Ba wanda ya koya mata. Idon uban na nan, ya wuce ga ɗiyarsa da mu ɗalibansa, fuskar ce dai muka bari ta tafi. Rabi ta naɗe hoton a mayafinta, ta yi mini godiya, ta ce wushiryar za ta ci gaba da tambayar Inna.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka makwancinsa.