Na'Allah da Jar Jitar 'Yan Tartsatsi

Da hantsi za ka same shi a rumfarsa ta gyaran rediyo, bakin tashar Bodinga, tabarau a kan hanci, yana yi wa wani tsohon akwati faɗa kamar mai kunne. Malam Na'Allah ke nan. Ranar Juma'a kuwa, kafin ya taɓa aikin kowa, sai ya sauko da wata jar jita daga bango, ya goge ta, ya gyara ɗaurin tsirkiyoyinta, ya mayar. Shi ko bai taɓa tsayawa gaban jama'a ya yi kiɗa ba.

Jitar ta Sodangi ce, malamin firamare, jagoran 'Yan Tartsatsi. Kai, jiya da daɗi! Farkon Jamhuriya ta Biyu wasu samari suka ji kiɗan rok-an-rol a faifan garmaho, suka ce su ma sai sun yi, amma da Hausa. Sodangi na jita da waƙa, Maniru malamin asibiti na dukan ganguna, Na'Allah nasa batirin mota da lasifika. Duk sanda ya haɗa waya sai tartsatsi ya tashi, jama'a su sa ihu, daga nan sunan ya bi su. Sun yi wasa ranar rufe makaranta, sun yi a biki, daga Bodinga har Shagari da Kajiji, a bayan a-kori-kura. Dattawa na cewa haukan Turawa ne, ƙafarsu kuwa na motsi ƙarƙashin riga.

Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo. Tsirkiya ta tsinke, har Sakkwato babu ta sayarwa. Kai ne, Na'Allah, ka warware wayar birkin babur sili-sili ka ɗaura. Da damina wayar ta yi tsatsa tana yanka yatsun Sodangi, ka shafe ta da man shanu. Hajjo matarka har yau in ta tuna sai ta yi dariya har da hawaye: kiyashi ya rufe jitar, Sodangi ya rungume ta bai duba ba, sai ga malam guda yana tsalle yana kakkaɓe wando gaban 'yan biki. Daga ranar ka koma man keken ɗinki.

Da aka zo rage ma'aikata, aka sallami Sodangi, aka mayar da Maniru wani gari. Sodangi zai tafi Ikko neman abinci, ya kawo jitar rumfa.

"Aje min wagga," in ji shi, "kak ka bari ta yi tsatsa. Bayan damana ina dawowa."

Damina ta wuce, wasu suka biyo ta, shiru. Shekarar da rumbun gidan Na'Allah ya tashi wayam, masu son sayen jitar sun zo har rumfa. Amsarsa guda ce: "Ba tawa ta ba. Mai ita shina zuwa."

Bara Sodangi ya zo. Ɗansa ne ya kawo shi, furfura fat, hannun hagu ya shanye. Da ya ga jitar tana ƙyalli sai ya kau da kai.

"Ka yi wahalar banza, Na'Allah. Hannun da nika danna ta da shi ya mutu."

Na'Allah ya sauko da jitar daga bango. Ya ɗora masa ita a cinya, ya jawo benci ya zauna ta hagunsa.

"Kai dai buga da na dama."

Ashe duk Juma'ar nan, bayan ya gama gogewa, yakan gwada sa yatsu inda ya ga abokinsa na sawa. Sodangi ya buga, Na'Allah ya danna. Waƙar ta fito, a ɗan karkace, amma ta fito. Masu jiran mota suka taru, Sodangi ya kasa ƙarasa baiti don kuka.

A watan nan ka ke ajiye aiki, Malam Na'Allah, ido ya gaji. Mun gode, sarkin riƙon amana, Allah ya saka da alheri. Ku kuma da aka bar wa ajiya, ko ta kaya ko ta zumunci, ku riƙa saukowa da ita kuna gogewa. Mai ita na nan tafe, wataƙila ma da hannu ɗaya.