Alhamdulillah Iri Biyu Ce

Wata rana ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ta jefa ni cikin kwamitin tantance masu neman tallafin karatu.

Ni da na je taro don a gaisa a ci shinkafa, sai ga ni na dawo gida da aiki.

Tallafin namu na yaran da suka samu gurbi a jami'a ne amma gidansu babu halin biyan rajista. Masu nema da yawa, abin rabon kaɗan. Rajista kuma ta kusa rufewa, wanda bai biya ba gurbinsa ya tafi ke nan.

Shi ya sa muka ce kowane ɗalibi ya zo da mahaifinsa ko mai riƙonsa, mu ji daga bakinsu.

Mu uku ne a teburi. Ni, da shugaban kwamiti, da Hajiya Yalwa, tsohuwar shugabar makarantarmu, wadda har gobe in ta gyara zaman tabarau sai na duba ko na yi laifi.

Jama'a, mun sha kallo ranar.

Akwai wanda ya ɓoye motarsa a bayan makaranta, ya shigo da silifas yana jan ƙafa yana nishi. Ya manta makullin motar na leƙowa daga aljihunsa. Ni dai na kau da kai don kada dariya ta tona min asiri.

Can sai aka kira wata yarinya mai suna Barira.

Ta samu gurbin karatun haɗa magunguna. Sakamakonta kuwa, ko maƙiyinta ya gani sai ya jinjina kai.

Ta shigo, mahaifinta na biye da ita.

Wai! Dattijo ya sha babbar riga ta shadda, aiki har ciki, hula ta zauna daram, turare ya riga shi isowa teburi. In a hanya ka gan shi sai ka rusuna ka ce ranka ya daɗe.

Shugaba ya fara tambaya.

"Malam, yaya sana'a?"

"Alhamdulillah."

"Iyali fa? Ana iya ɗaukar nauyinsu?"

"Alhamdulillah, muna cikin rufin asiri."

"Babu abin da ya gagara a gida?"

"Ai ba mu rasa komai ba, ranka ya daɗe. Sai godiya."

Shugaba ya dube ni, na dube shi. Mutum ya zo da shiga irin wannan, ya kuma faɗa da bakinsa bai rasa komai ba. To me ya rage? Ga layin mabuƙata a waje suna jira.

Ya ɗauki takardun Barira zai ajiye su gefen waɗanda ba su dace ba.

Ita kuwa yarinyar, duk amsar da uban ya bayar sai kanta ya ƙara yin ƙasa. Hawaye na ɗiga a kan hijabinta. Wace 'ya ce za ta ƙaryata ubanta a gaban mutane?

A nan ne Hajiya Yalwa ta ɗora hannu a kan takardun. Ta cire tabarau, ta dubi dattijon da kyau, ta sassauta murya.

"Malam, Alhamdulillah ɗin nan da kake ta yi mana, ta ƙoshi ce ko ta haƙuri?"



Dattijo ya dubi 'yarsa. Ya dubi ƙasa.

"Hajiya... ta haƙuri ce."



Daga nan magana ta ɓalle.

Ashe gyaran rediyo yake yi a wata 'yar rumfa a bakin kasuwa. Ya ce, "Yanzu wa ke kawo gyaran rediyo, Hajiya? Kowa labaransa a waya yake ji. Sai in wuni ina gyangyaɗi, ni da rediyoyin da masu su suka manta da su."

Ashe bara ma yarinyar ta samu gurbin nan, ya wuce ta suna ji suna gani. Ko 'yan'uwansa bai gaya wa dalili ba. Duk wanda ya tambaya sai ya ce ai ta ɗan huta ne tukuna.

Shugaba ya kasa haƙuri, ya ce, "To Malam, wannan rigar fa?"

Dattijo ya yi murmushin kunya.

"Ta maƙwabcina ce, ranka ya daɗe. Uwar yarinyar nan ce ta ce kada in je gaban manya da kayan aiki in ba ta kunya. Turaren ma nasa ne."

Muka fashe da dariya gaba ɗaya. Har Barira, tana share hawaye tana dariya.

Hajiya ta ce, "Malam, godiyarka tana nan, Allah Ya ji ta, ba wanda ya ce ka daina. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba bara ka zo yi ba. Mutane ne suka haɗa hannu don irin 'yarka, kuma ba za mu san tana ciki ba sai ka faɗa mana."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Wallahi Hajiya, ni na ɗauka sai an ga mutum da kamala ake ba 'yarsa."

Kun ji fa. Wani ya ɓoye mota don a ba shi, wani ya aro riga don a ba shi. Ni dai na ce ƙasar nan ba ta rabo da abin mamaki.

Ka'idarmu ba ma yanke hukunci da jin baki kawai, sai an je an gani. Ni aka tura.

Na tarar da rumfar yadda ya faɗa. Rediyoyi jibge, wasu ba murfi, wasu ba eriya, shi kuma yana zaune a kan benci da 'yar sukudireba a hannu. Yana ganina ya zabura wai zai je ya sayo min lemo. Da ƙyar na zaunar da shi. Mutumin da tun safe ko ciniki ɗaya bai yi ba!

Na koma na ba da rahoton abin da idona ya gani.

Ranar sanar da sakamako zauren makaranta ya cika maƙil. Iyaye a gefe guda, ɗalibai a gefe guda. Dattijon na can baya da 'yar rigarsa ta kullum, ya haɗa tagumi.

Shugaba ya fara karanto sunaye a lasifika. Kowane suna sai guɗa da tafi.

Ana ta tafiya, ba a zo kanta ba. Ni da na san sunanta na ciki ma sai da na fara kokwanto.

Sai ga shi an kira sunanta.

Kafin a ƙarasa, dattijon nan mai kunya ya miƙe tsaye, hannu biyu a sama, hula ta karkace, ya ƙwala kira da iyakar muryarsa:

"Barira! Barira, ke ce! Tashi mana, Barira, ke ake kira!"

Zaure ya ɗauki dariya da kabbara.

Amma ita ta kasa tashi. Ta juya tana kallon ubanta, baki buɗe, hawaye na zuba, kamar yau ta fara ganinsa.

Na je na kama hannunta na ce, "Ke, taso mana, an ba ki! Kukan na mene ne kuma?"

Ta ce, "Malama, ni ce 'yar fari. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba sai yau."

Ni ma a nan na nemi bakin mayafina.

Darasi:

Rufin asiri ado ne, amma ba a gaban mai son taimakonka ba.

In ɗanka ko 'yarka za su nemi tallafin karatu, ku fara tambaya: na ƙwazo ne ko na mabuƙata? In na mabuƙata ne, faɗi halin da kake ciki yadda yake. Kada ka ƙara, kada ka rage. Ku haɗa takardunku da wuri, ku kai kafin a rufe, abin da ba ku gane ba ku yi tambaya.

Ku kuma masu hali, ku ji tsoron Allah ku bar wa mabuƙata layinsu.

Masu zama a teburin tantancewa, ba kowace "sai godiya" ce ke nufin an ƙoshi ba. Ku sake tambaya, cikin mutunci.

Tura wannan ga wani uba ko wata uwa da ka san kunya na neman hana ɗansu karatu. Wataƙila ta hannunka saƙon zai isa kafin a rufe rajista.