Stamatula Kurti, Wadda Ta Ceci Irin Adas na Brahona

An haifi Stamatula Kurti a shekarar 1941 a ƙauyen Brahona da ke kan tsaunin tsibirin Lefkada na ƙasar Girka. Mahaifinta Gerasimos makiyayin awaki ne, mahaifiyarta Zoitsa kuwa manomiyar waken adas ce, kamar kowace mace a ƙauyen.

Karatu da Aure

Ta yi shekara huɗu kacal a makarantar firamare, sannan gona ta janye ta. A 1963 aka ɗaura mata aure da Fotis Kurti, mutumin kirki amma mai taurin kai na ƙin ƙarawa. Cikin kayan aurenta har da tulun irin adas na gado, wanda babu irinsa a kasuwa.

Shekarun Ruɓa

Daga 1987 shuka ta riƙa yin rawaya tana kwantawa, in an tumɓuke sai a ga saiwar ta yi baƙi ta ruɓe. Manoma suka ɗauka yunwa ce, suka yi ta lafta ɗanyen kashin awaki a gonakin da ba su taɓa hutawa ba, ciwon kuwa ya ƙara bunƙasa. Zuwa 1990 irin gadon ya ƙare a ƙauyen kaf, in ban da rabin buhu a ɗakin Stamatula, kuma ta sani sarai in wannan ya ruɓe shi ke nan.

Bisa shawarar wata malamar gona, ta tara tukar zaitun da kashin awaki ta bar su shekara guda suka ruɓe suka huce, ta zaɓi fili mai gangare da aka yi alkama a cikinsa, ta kuma cuɗa irin da maganin ruɓa har ya yi ja.

"Ke Stamatula," in ji Fotis, "irin kakanninmu kike shafa wa jan-baki?"

"Kai dai ɗauro jaki, mu tafi," ta ce.

Ta shuka shi duka a Fabrairun 1991. Wata uku tana tumɓuke shuka ɗaya kowace Lahadi ta duba, kullum saiwar fara tas. Da aka sussuka, ta zauna a bakin masussuka ta yi kukan farin ciki, daga bisani ta raba wa kowane gida gwangwani biyu tare da sharaɗin bin hanyarta.

Rasuwa

Fotis ya riga ta rasuwa a 2008. Ita kuwa ta rasu ranar 2 ga Yuli, 2019, tana da shekara saba'in da takwas, ta bar 'ya'ya uku: Nikitas, Harikliya da Andriyana, da jikoki bakwai. Rasuwar ta zo a tsakiyar girbi, adas ya yi yawa har kwasfa na fashewa a gona, don haka 'ya'yanta suka roƙi limamin coci ya jinkirta jana'iza zuwa yamma. An binne ta a makabartar ƙauyen, kuma duk waɗanda suka ɗauki akwatin gawarta daga gona suka zo, da ƙasa a hannuwansu.