Fundi Athumani Mwadzaya, Mai Gadar Mikoko, Ya Kwanta Dama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Fabrairun 2025, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran mijin yayata, Fundi (wato gwanin sana'a) Athumani Mwadzaya, kafintan ƙauyenmu na Chanzani da ke gaɓar tekun Kwale, bayan ciwon ƙirji da ya yi ta ɓoye mana. Ni Mwanaidi, ƙanwar matarka, wadda ba ka taɓa bari ta wuce ba ka tsokane ta ba, yau ni ce nake maka wannan rubutu, kai kuma ba ka da bakin mayar mini da martani.

Shemeji, wato mijin yaya, haka nake kiranka tun ranar da ka auri Yaya Riziki. A lokacin, ban da aikin kafinta, sana'arka saran mikoko ce, itatuwan nan da suke tsaye cikin laka da ruwan gishiri a bakin fadamarmu. Da su ubanka ya ci abinci, da su kai da ƙanenka Mwinyi kuka tashi. Sai hukuma ta killace fadamar, ta hana sara. Maza suka zauna a gindin kwakwa babu aikin yi, gidaje suka shiga ƙunci. Mu mata muka kafa ƙungiya, muka nemi izinin shimfiɗa gadar katako cikin mikoko, da dandamali a ƙarshenta, inda baƙi za su tsaya su kalli tsuntsaye da kaguwa. Duk kafintan da muka je wa sai ya juya mana baya, don tsoron a ce ya haɗa kai da waɗanda suka kashe wa mutane sana'a.

Kai kaɗai ka saurare mu. Ka gama shan gahawarka, ka dube ni ka ce, "To shugabar mata, ke da ko ƙusa ba ki iya riƙewa, gada kike so a kan ruwa?" Na ce, "Ai shi ya sa muka aurar maka da 'yar gidanmu." Ka yi dariya, washegari kuma muka gan ka cikin laka har cinya kana auna wurin turaku.

Aikin nan ya ci maka mutunci a wurin mutanen da kuka tashi tare. A masallaci wasu sun daina matsa maka wuri a sahu. Mwinyi, uwarku ɗaya ubanku ɗaya, ya daina amsa gaisuwarka. Ba ka taɓa kawo mana ƙorafi ba. Kana bin ruwa ne kawai: in ya janye ka shiga da guduma, in ya cika ka fito ka zauna sassaƙar katako. Ko reshe ɗaya na mikoko ba ka yarda an sare don a miƙe hanya ba, shi ya sa gadarmu take ta karkace-karkace har yau. Da zalɓe ya yi sheƙa daidai inda za a kafa dandamali, sai ka ajiye kayan aiki. Na yi ta mita, baƙi na tafe. Ka ce, "Mwanaidi, shi za su zo kallo ko ke?" Muka jira har 'ya'yan suka tashi.

Ana gab da buɗewa, wata safiya muka tarar an yanke turakun dandamalin, ya kife cikin ruwa. Mata suka fashe da kuka. Kai ka sauka ka shafa bakin yankan, na ga fuskarka ta canza. Ka gane haƙoran zarton mahaifinku, wanda yake hannun Mwinyi tun rabon gado. Jami'an gandun daji suka zo suna neman suna, kuma wanda duk aka kama ɗauri ne. Ka ce musu, "Ni kafinta ne, itace nake gyarawa. Ku bar ni in tayar da shi."

Da yamma ka ce in raka ka gidan ƙanenka. Muka same shi a ƙofa, ya kasa ɗaga kai. Ban ji ka ɗaga murya ba. Ka ce, "Mwinyi, zarton Baba ya dakushe, na ga alama. Kawo in wasa maka. Gobe kuma ka same ni a bakin ruwa, turakun nan sun fi ƙarfin mutum ɗaya." Ya shiga ɗaki ya fito da zarton. Ba ka sake tayar da maganar ba har ka koma ga Allah. Mwinyi da kansa ya roƙe ni in rubuta ta, ya ce yana so a san wane ne yayansa.

Ku biyu kuka sake kafa dandamalin, kuma bayan Mwinyi sai sauran masu sara suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Yau a cikinsu akwai masu tuƙa baƙi a kwalekwale, akwai masu dashen mikoko a inda da suka sare.

Abin da ba zan manta ba shi ne faɗin gadar. Ka yi ta da faɗi sosai, na yi ta faɗa da kai a kan ɓarnar katako, kana cewa in yi haƙuri. Sai ranar buɗewa, kafin kowane baƙo ya taka, ka je ka turo mahaifiyarmu, Bi Mwanasha, a keken guragu. Ita da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana tsintar kaguwa a fadamar nan, tun da ƙafafunta suka mutu ba ta sake ganinta ba. Faɗin nan ya ba keken hanya, ka kai ta har ƙarshe. Ta kalli balbelu suna sauka, sannan ta ce, "Athumani, ashe wurin yana nan." Ka juya kai gefe kana gyaran hular da ba ta karkace ba.

Mun kai ka makwancinka ranar Alhamis da hantsi. Mwinyi ne ya shiga kabari ya karɓe ka, sai da aka kamo hannunsa kafin ya iya fitowa.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Athumani. Yadda ya rufa asirin ɗan'uwansa a duniya, Ka rufa nasa ranar hisabi. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyya ga Yaya Riziki, da 'ya'yanku Nuru da Hamisi, da Mwinyi, da dukan mutanen Chanzani. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Ka huta, Shemeji. Allah Ya jiƙan ka.