Injin da Malam Sanda Ya Rufe da Tamfol

Shekaru sun ja, amma ranar da na tafi unguwar Gawon Nama da takardar da za ta kashe wa Malam Sanda sana'a tana nan daram a raina. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku saurara, don irinta za ta same ku.

A lokacin ina jami'in bibiyar ayyuka a ma'aikatarmu. Aikina shi ne in riƙa zuwa wurin 'yan kwangila duk wata, in duba inda suka kai, in rubuta rahoto. Doka ta ce in aiki ya tsaya a ba mutum takardar gargaɗi sau biyu. A na uku kwamiti ya zauna ya ƙwace kwangilar, a sa sunansa cikin waɗanda ba za su ƙara samun aikin gwamnati ba. Ina ji da kaina sosai a wancan zamani. Ɗan kwangila in ya hango motarmu, ko shayi yake sha sai ya ajiye kofin.

An ba Malam Sanda aikin ƙera injinan sussukar gero guda ashirin, waɗanda za a raba wa ƙungiyoyin manoma kafin kaka. Zanen injin kuwa daga ofishinmu ya fito, Injiniya Ladan ne ya yi shi, babban injiniyan ma'aikata, dattijon da kowa ke tashi tsaye in ya shigo. Sanda mai walda ne da aka sani da aiki mai kyau, magidanta tara ke ci a ƙarƙashinsa. Wata na farko aiki ya tafi kamar ruwa: ya yanka ƙarafa, ya haɗa inji ɗaya cif yadda zane ya ce. Daga nan sai komai ya tsaya cik.

Sau biyu ina zuwa da direba da akawu, in tsaya tsakiyar shago gaban ma'aikatansa in ce, "Malam Sanda, ina aka kwana?" Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Muna bisa, yallaɓai." Sau biyun ina miƙa masa gargaɗi. A raina na riga na yanke masa hukunci, na ce wannan ma ya bi sahun masu cin amana.

Ranar zuwa na uku motar ofis ta lalace, sai na hau kabu-kabu ni kaɗai, rahoton a aljihu, saura sa hannu. Na tarar ma'aikata sun tafi cin abinci bayan azahar, shi kaɗai ne zaune kan benci. Da ya ga ba kowa tare da ni sai ya matsa mini wuri. Na zauna, abin da ban taɓa yi ba a shagon.

Na ce, "Malam Sanda, ruwa ba ya tsami banza. Gobe takardar nan za ta shiga kwamiti, ka san kuma abin da zai biyo baya."

Sai ya tashi ya kwance damin gero, ya ta da injin da ya haɗa, ya zuba zangarniya. Abin da ya fito ya ɗebo ya zuba mini a tafin hannu. Kusan rabinsa tsaki ne, abincin 'yan tsaki. Haƙoran gangar da ke bugun zangarniyar sun matse da rariyar da ke ƙasa, suna farfasa ƙwayar. Sai ya ja ni bayan shago ya yaye wani tamfol. Wani injin ne, wanda ya buɗa wa tazara da dabararsa. Ya gwada shi, gero ya zubo garau.

Raina ya ɓaci. Na ce, "To me ya hana ka rubuto cewa zanen ne da gyara? Layi biyu kawai!"

Ya ce, "Yallaɓai, wa yay yi zanen? Injiniya Ladan shi yak koya min riƙon ƙarhe a makarantar sana'a. Sa'adda mahaihina yar rasu, shi yab biɗo ni har gida yam maishe ni aji. Ƙaƙa zan ɗauki alƙalami in rubuta ma gwamnati malamina ya yi kure? In kuma ƙera ashirin hakanga in ba talakawa, mi zan ce ma Allah? Gara a amshe aikin."

Wallahi sai na ji kunya ta rufe ni. Mutumin da nake wa kallon ɓarawo, ashe tsakanin malaminsa da amana ya maƙale.

A ƙa'idarmu jami'i na da ikon neman gwajin gani da ido kafin ya miƙa rahoto na uku. Washegari na shiga ofishin Injiniya Ladan na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, za a gwada injin farko, muna so ka zo ka sa albarka." Ban ƙara ko kalma ba. Sanda ya so ya ƙi, sai da na yi masa alkawarin mu uku ne kawai, ko direba a bakin titi zai tsaya.

Dattijon ya zo, ya naɗe hannun rigarsa, ya zuba zangarniya da kansa. Ya tara hannu, ya murza abin da ya fito, ya ƙura masa ido. Ya ɗaga kai, idonsa ya sauka kan tamfol.

"Wancan hwa?"

Dattijon ya matsa kusa da tamfol ɗin. Ya ce, "Buɗe shi, Sanda."

Da aka gwada na biyun, ya tsuguna ya leƙa cikinsa, ya sa yatsa ya auna tazarar. Ya tambaya, "Tun yaushe kas san da wanga?"

"Wata biyu da rabi, Malam."

Ban taɓa ganin ɓacin ran Injiniya Ladan irin na ranar ba. Ya ce, "Wata biyu da rabi! Da ka taho gida ka hwaɗa min, kunyar yini guda zan ji, in sha ruwa ta wuce. Yanzu ga shi an yanke hatsi, mata na can ƙauye suna sussuka da hannu. Ni kar raga ma, su wa yar raga musu?" Sanda, mai furfura a gemu, ya tsaya hawaye na bin fuskarsa.

Dattijon ya karɓi birona, ya ɗora takarda kan murfin injin, ya rubuta wa kwamiti cewa kuskuren daga zanensa ne, a bi gyaran ɗan kwangila, a ƙara masa lokaci. Ya sa hannu da cikakken sunansa. Sanda ya tsira da aikinsa da sunansa, ya kuma gama injinan lafiya. Amma sun isa ƙauyuka bayan an ci rabin rumbu, wannan kakar ta wuce manoman.

Na sha juya maganar, kuma laifina ya fi na kowa. Takardarmu tana tambayar inda aiki ya kai, ba ta da gurbin abin da ya tsayar da shi. Mutanenmu kuwa akwai maganar da ko za a yanka su ba za su faɗa a gaban jama'a ba, balle su rubuta. In aiki ya tsaya a hannun mutumin kirki, ku bar akawu a mota, ku nemi benci ku zauna. Ni sai a zuwa na uku na zauna, shi ma don mota ta lalace ne.